Tabulet ɗin Yaya

Bayan hutun rana ne shugabar ɗakin gwaji, wadda kowa ke kira Anti, ta buɗe kwamfutarta za ta fitar da sakamakon rijiyoyin unguwar da ke bayan kamfanin fenti, ta tarar wayam. Ruwan da aka sha rana da laka ana ɗibowa, hotunan kwalabe, awon gubar da aka samu a ciki, duk abin da hukumar lafiya ke jira a kai mata a ƙarshen mako, babu ko ɗaya. Ta rufe ta sake buɗewa. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar. Sannan ta miƙe ta nufi ofishin Manaja, kafin ta ƙwanƙwasa ƙofar kuwa har mai shara ta san an yi ɓarna.

Ofishin gwajin ruwan ƙarami ne, bangonsa ba ya riƙe magana. Aka cika baranda ana ƙus-ƙus. Babban injiniya, wanda ba a kiransa da komai sai Oga, ya shiga ɗakin uwar kwamfuta, babbar na'urar da ke ajiye aikin kowa. Ya ɗan jima, ya fito yana girgiza kai kamar wanda ya dawo daga gaisuwar mutuwa.

"Ba lalacewa ba ce, gogewa aka yi," ya ce. "Umarnin kuma daga tabulet ɗin mai ɗiban ruwan unguwar ya fito."

Idanu suka koma kan mace ɗaya da ke tsaye da akwatin kwalabe a hannu, takalman robarta sun sha laka har idon sawu. Daga kanta suka zarce kan ƙanwarta, ƙaramar injiniyar ofishin.

Ita ƙanwar Bin-Sawu ake ce mata. Sunan tsokana ne da aka laƙaba mata tun zuwanta, don in na'ura ta yi gardama ba ta kashewa ta kunna kamar kowa, sai ta bi abin tiryan-tiryan har inda ya faro. Yayar tata ce ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu, da wannan ɗiban ruwan ta kai ta har ƙarshen jami'a. Da Bin-Sawu ta ga idanun nan sun yi musu caa, sai ta ɗaga haɓa ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, har kowa ya sami abin dubawa a ƙasa.

* * *

Manaja mutum ne mai son a ce ofishinsa lafiya lau. Ya sa Yaya ta ajiye akwatin, ya ce ta koma gida. In mako ya ƙare ba a sami wani bayani ba zai miƙa maganar ga 'yan sanda, su suka san yadda ake tambayar mutum abin da kamfanin fenti ya ba shi.

"Ranka ya daɗe, a ba ni tabulet ɗin in duba," in ji Bin-Sawu.

Oga ya yi murmushi. "Ƙanwata, yaya za a ba ki binciken gidanku?"

"To kai ka bincika a gabana."

"Na riga na bincika."

"Ka dai leƙa."

Manaja ya dubi wannan ya dubi waccan. Kiran masani daga waje na nufin labari ya fita, shi kuwa ba abin da ya fi tsoro kamar haka. Ya kulle ɗakin uwar kwamfuta ya jefa makullin a aljihu, ya ce ta duba tabulet ɗin, amma ba za ta taɓa komai ba sai Anti na zaune kusa da ita. Anti ta taɓe baki. Ita da Yaya ba sa shiri tun wata rigima da suka yi a kan kwalaben da aka ce ba a wanke da kyau ba.

* * *

Da yamma Bin-Sawu ta sami Yaya a bakin famfo tana wankin kayan makarantar yaranta. Daga cikin ɗaki ana jin tarin mijinta, wanda ya daɗe a kwance. Bin-Sawu ta jawo bokiti ta kifa ta zauna a kai.

"Yaya, ina kika bar tabulet ɗin da rana?"

"Inda ake bari. Kan kantar caji a baranda."

"Ke kika ɗora shi?"

"Direba ya kwaso su daga mota, kamar kullum. Ni na tafi sayo maganin baban yara."

"Wa ya gan ki?"

"Mai kantin, in ya ɗago kai. Bai ɗago ba."

Bin-Sawu ta yi tambayar da tun a hanya take mata nauyi a baki. "Akwai wanda ya taɓa yi miki tayin wani abu daga kamfanin?"

Hannun Yaya ya tsaya a cikin kumfa. "Auta, ni kike tambaya?"

"In ban tambaya ba, wanda zai tambaya ba zai ce miki Yaya ba."

Yaya ta matse rigar da ke hannunta har ruwa ya daina ɗiga, ta ƙara matsawa. A kowane tabulet na ofishin akwai abin da suke kira baƙin allo, wurin da ba hoto ba maɓalli, sai dai a rubuta wa na'urar umarni ta bi. Ta nan masu ɗiban ruwa ke aika awonsu zuwa uwar kwamfuta.

"Layi ɗaya na sani a baƙin allon nan, wanda kika sa na haddace. In buga in aika, shi ke nan. Gogewar ma ban san da wane baki ake faɗa masa ba." Ta waiwaya ƙofar ɗaki ta rage murya. "Kar ki gaya wa baban yara. Na ce hutu aka ba ni."

* * *

Da safe Bin-Sawu ta tare Direba a rumfar motoci yana goge gilashi. Ta riga ta ji abu biyu a kansa. Ƙanensa mai gadi ne a kamfanin fenti, kuma shi ya yi saurin zuwa wurin Manaja ya ce ya taɓa ganin Yaya tana magana da wani mutumin kamfanin a bakin rijiya.

"Baba, sannu da aiki."

"Injiniya, an tashi lafiya? Ya jikin mijin yayar taki?"

"Yana nan yadda yake. Yanzu ai yayar aka kwantar."

Ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge.

"Mutumin da ka gani da ita, wani abu ya miƙa mata?"

"A'a. Hanya ya tare mata, ya ce ba za ta ɗebi ruwan ba. Ta bi ta gefensa ta ɗiba."

"Ka gaya wa Manaja wannan ɓangaren?"

"Bai tambaya ba."

Ta miƙa masa nata tabulet ɗin, baƙin allo a buɗe. "Rubuta mini sunanka a nan."

Ya karɓa ya nisanta shi daga fuskarsa, ya ƙanƙance ido, ya daddanna da yatsa ɗaya kamar mai tsoron abin zai cije shi. Ya miƙo mata a kunyace.

"Injiniya, ni na ɗauko tabulet ɗin nan daga mota, ƙanena kuma yana ƙofar kamfanin. In ban riga kowa magana ba, ni za a fara kamawa. Ina da iyali."

"Ita ma tana da su. Wa ka gani a baranda?"

"Kowa. Lokacin fita cin abinci ne. Har Oga ya ce in matsar da mota, za su fita da Manaja."

Ta bar shi da tsummansa. Da zargi ta zo, ta koma da abin da ya fi zargi ɗaci. Mutumin bai yi komai ba, tsoro kawai ya ji, ya duba wadda ta fi kusa da hannunsa ya tura ta gaba.

* * *

A ɗakin gwaji ta zauna da tabulet ɗin Yaya, firij na gurnani a bayanta, Anti na gefe ta kafa mata ido. Baƙin allo yakan tuna umarnin da aka buga masa, amma wanda ya yi aikin ya share wannan. Sai dai sharar gaggawa ce. A wani lungu da ba a cika leƙawa ba ta sami manhajar gogewa, irin wadda ke zama a tabulet tana bin fayilolin uwar kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, tana cike kowanne da shirme yadda ba mai iya dawo da shi. Kuma ba ɗaya ta samu ba, biyu ne.

Ta haɗa fayilolin banza don gwaji, ta kira ta farkon. Allon ya amsa da layi guda ya yi shiru.

"Me ya ce?" in ji Anti.

"Ya ce ba yarensa ba ne. Don ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur aka gina wannan, ta tabulet kuwa daban ce. Kamar ki kawo batirin mota ki ce ya shiga tocila."

"To ɗayar fa?"

Ta biyun don tabulet aka gina ta, amma ita ma ta cije. Kayan aikinta take nema a inda kwamfutar tebur ke ajiye su, tabulet kuwa wani wurin yake ajiye nasa. Bin-Sawu ta ƙara tonawa, sai ga ɗan gajeren rubutu da wani ya yi wa manhajar don ya nuna mata hanya. Ta bi ta kansa, abin ya tashi sumul. Ba yadda ta iya, ta yaba a ranta. Aiki ne mai tsafta, kuma ba na rana ɗaya ba.

"Wanda ya yi wannan ya gwada ta farko ta ƙi, ya gane dalili. Ya nemo ta biyu ta ƙi, ya gyara mata hanya. Yaya ba ta iya wannan ba, balle Direba."

"Wa ya iya?"

Bin-Sawu ta hango ramin, amma ba ta saba kauce wa amsa ba. "Ni. Sai Oga."

"Oga kuwa yana gaban Manaja har aka dawo hutu." Anti ta sauke tabarau kan hanci. "Ba a iya kunna ta a tafi a bar ta?"

"Ba a tabulet ɗin nan ba. Da allonsa ya yi duhu, duk aikin da yake yi ya mutu. Gogewa mai yawa haka kuwa sai ta ci hutun rana kaf. Dole wani ya zauna da shi yana taɓa allon har ta gama."

"Ke ina kike a lokacin?"

"A teburina."

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai nake cin abinci, Anti, kin sani."

Anti ta numfasa. "Da ma kin riƙa zama da mutane."

* * *

Kafin a tashi aiki magana ta zaga cewa 'yan gida ɗaya ne suka haɗa baki, ɗaya ta ba da tabulet, ɗaya ta ba da ilimi. Gaisuwa ta ɗauke. In ta shiga wuri hira ta mutu, in ta fita ta farfaɗo. Wadda take gyara wa waya kyauta ta gan ta a baranda, ta tuna ta yi mantuwa a ofis. Bin-Sawu ba ta makara ba, ba ta sunkuyar da kai ba, ta ma fi kullum goge kayanta. Kuka kuwa ta ƙi yi ko a bayi, don kar ta fito wani ya ga idonta ya ji daɗi.

Oga ya zo ya zauna a bakin teburinta, yana wasa da makullin motarsa.

"Ƙanwata, ni na ɗauko ki aikin nan, ba na son ganin ki haka. In kin je da ƙafarki kin amsa, zan roƙar miki Manaja. A ce kuruciya ce."

"Na gode, Oga. Ba ni da abin amsawa."

"Taurin kan nan naki ne ke hana ki gaba."

"Shi ya kawo ni inda nake."

Ana gobe mako zai ƙare ta sake kunna manhajar a kan fayilolin banza, ba don tana sa ran komai ba, sai don zama haka ya fi ƙarfinta. Anti ta dube ta ta dubi leɓenta da ya bushe, ta tashi ta haɗo shayi ta dangwarar a gabanta.

"Ajiye abin nan ki sha. In kika faɗi a ɗakina, ni za a ce na ba ki wani abu."

Ta ajiye ta sha. Da ta waiwayo allon ya yi duhu. Ta taɓa shi ya farka, manhajar ta mutu a hanya kamar yadda ta sani. Ta ja tsaki, ta buɗe wurin fayilolin banzan don ta sake farawa daga inda aka tsaya. Wayam. Ba ko ɗaya.

Ta daɗe tana kallon wurin. Manhajar ko nisa ba ta yi ba, yaya za a ce ta gama? Ta leƙa ta ƙarƙashi, ta inda ba suna ake dubawa ba sai nauyin abin da ke ajiye. Fayilolin na nan. Ashe manhajar sunayen take fara kwashewa gaba ɗaya a ƙiftawar ido, sannan ta bi jikinsu a hankali tana lalatawa. Mai duba sama-sama zai rantse an gama.

"Anti, taso mu karɓo makulli wurin Manaja."

A ɗakin uwar kwamfuta sanyi na ratsa ƙashi, amma gumi take yi. 'Yan fayilolin farko sun tafi har abada. Sauran duk suna kwance ba suna, lafiyarsu ƙalau. Ta mayar wa ɗaya sunansa ta buɗe. Anti ta matso ta ga awon da ta yi da hannunta, ta dafa bango.

"Wato ba wanda ya zauna da shi," in ji Bin-Sawu. "An kunna ne aka mayar kan kanta aka tafi. Ni na ɗauka kowa ya san halin tabulet ɗin nan, shi ya rufe mini ido. Kar ki gaya wa kowa tukuna."

* * *

Ta roƙi Manaja ya tara mutane a ɗakin taro, a kira Yaya daga gida. Yaya ta zo ta zauna a ƙarshen tebur, aka bar kujerun gefenta ba kowa. Ga sauran masu ɗiban ruwa, ga Direba, ga Anti, ga Oga ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Bin-Sawu ta raba tabulet, kowanne da tulin hotuna masu nauyi a ciki. "Kowa ya aika mini wannan zuwa uwar kwamfuta."

"Ni ko buɗe shi ban iya ba," in ji Manaja, ya ture nasa. Na Direba ita ta buga masa layin ta miƙa masa.

"Jarrabawa za ki yi mana?" Oga ya yi dariya. Ya buga umarnin ba tare da ya kalli yatsunsa ba, ya riga kowa, ya ajiye tabulet ɗin a kan tebur, ya harɗe hannuwa ya soma ba Manaja labarin cunkoson da ya tarar a hanya.

Ba wanda ya ajiye nasa sai shi. Yaya na riƙe da nata, babban yatsanta na zagaya gefen allon a hankali, hankalinta ma ba ya wurin. Haka sauran masu ɗiban ruwan. Haka Direba, wanda ya saba riƙe musu in suna rufe kwalabe. Allon Oga ya dushe, ya yi baƙi, shi yana ta labari.

Ɗaya bayan ɗaya suka ce ya tafi. Bin-Sawu ta ce, "Oga, naka fa?"

"Ya daɗe da tafiya." Ya taɓa allon. Ya dubi abin da ke rubuce, ya sake duba: aikawar ta mutu a hanya. Ƙafarsa ta sauko daga kan 'yar'uwarta.

Ta yi bayani ba ta ɗaga murya ba. Ta faɗi manhajojin nan biyu da gyaran da aka yi wa ta biyun, da cewa mutum biyu kaɗai a ginin suka iya shi. Ta faɗi abin da ita da Anti suka tarar a uwar kwamfuta, Anti ta gyaɗa kai.

"Wanda ya yi aikin nan ya san abin da masu ɗiban ruwa ba su sani ba, amma bai san abin da kowannensu ya sani ba. Ya kunna ya tafi, yana zaton za ta gama da kanta kamar a kwamfutar tebur. Da ya dawo ya leƙa ya ga wayam, hankalinsa ya kwanta."

"Ke ma kin iya yin haka don ki ɓatar da sawu," in ji Oga.

"Da zan ɓatar da sawu, da tabulet ɗin yayata zan yi? Kuma ni ce na yi ta zuwa ofishinka ina cewa tabulet na katse musu aiki, ka buɗe saitin da ka kulle don a rage cin batir. Me ka ce mini?"

Oga ya kau da kai. Wata mai ɗiban ruwa ta amsa daga ƙarshen tebur. "Cewa ya yi na'ura ba ta ƙarya, mu ne ba mu iya ba."

"Wannan wasan yara ne, ranka ya daɗe," in ji Oga. "Ai muna tare da kai."

Manaja yana kallon sa kamar yau ya fara ganin sa. "Muna tare. Kai ka ƙwanƙwasa mini ƙofa ka ce mu fita." Ya girgiza kai. "Duk shekarun da muka yi a nan, ba ka taɓa gayyata ta cin abinci ba sai ranar."

Oga ya ɗauki makullin motarsa, ya gyara zaman rigarsa, ya fita bai rufe ƙofa ba. Wata murya ta ce, "Mu dai da ma mun san ba halinta ba ne." Kujerun gefen Yaya suka fara cika.

* * *

Manaja ya kira Bin-Sawu ita kaɗai. Har ya sa an buga takarda, tana kan tebur, biro a kanta.

"Oga zai ajiye aiki, lafiyarsa ba ta da kyau. Wannan kuma bayanin da za mu haɗa wa hukuma ne. Manhajar aikawa ce ba ta dace da tabulet ba, ta sa wasu fayiloli suka lalace, aka ceto sauran. Ke ce injiniya yanzu, sa hannunki ake so."

Ta karanta har ƙarshe a tsaye. "Da Yaya ce, 'yan sanda. Shi kuma rashin lafiya."

"Zauna ki ji. In hukuma ta ji injiniyanmu ya sa hannu a sakamakon nan, lauyan kamfanin zai ce wanda ya iya gogewa ya iya canzawa. A watsar da awon gaba ɗaya, mutanen unguwar su ci gaba da shan abin da suke sha. Haka kike so?"

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne maganar tasa ba duka ce ƙarya ba.

"In ban sa ba fa?"

"Dole takarda ta ɗora laifin a kan wani abu. In ba na'ura ba, to mutum. Uwar kwamfuta kuma tabulet ɗin yayarki ta nuna, ba wasan da kika yi a ɗakin taro ba. Ki sa hannu, gobe ta dawo bakin aikinta."

Ta fito da takardar a hannu. Yaya na zaune a benci a baranda, jakarta a cinya. Bin-Sawu ta karanta mata cikin fushi.

"Ko haƙuri bai ce a ba ki ba. Wallahi sai an tara su kamar yadda aka tara su ranar, a faɗi sunansa, a faɗi naki."

"Auta."

"Na bi abin nan har ƙofarsa, Yaya. Yanzu in sa hannu in ce ban ga kowa ba?"

"Ke kina da takardun makaranta, duk inda kika je za a ɗauke ki. Ni wannan akwatin kwalaben nake da shi, da wanda ke kwance a gida. Na gaya masa hutun zai ƙare gobe." Ta zaro biro daga jakarta ta miƙa mata. "Sa hannu."

Bin-Sawu ta dafa takardar a jikin bango. Ba ta yi sauri ba, ba ta yi karkataccen sa hannu don a gane dole aka yi mata ba. Ta rubuta shi sarai, ta shiga ta ajiye wa Manaja, ta fito bai gama godiya ba.

* * *

Sakamakon ya tafi hukuma a kan lokaci. Yaya ta koma ɗiban ruwa, a mota ɗaya da Direba, yana ce mata Hajiya sannu tana amsawa. Bin-Sawu ta buɗe saitin da aka kulle a kowane tabulet, aikin da bai kai shan shayi ba.

Ba a jima ba wani babban kati mai hoton furanni ya fara zagaya ofis, na yi wa Oga sallama da fatan samun sauƙi. Kowa na rubuta 'yar addu'arsa. Mai zagayawa da shi ta same su a baranda, Yaya na jera kwalabe a akwati, Bin-Sawu na cire tabulet daga caji. Ta tsaya turus, ta rasa ko ta wuce.

Yaya ta goge hannu a zaninta, ta karɓa, ta rubuta Allah ya ƙara sauƙi, ta sa sunanta a ƙasa. Ta miƙa wa ƙanwarta ba ta dube ta ba.

Bin-Sawu ta karɓi katin, ta karanta addu'o'in ɗaya bayan ɗaya har ta Yaya. Ta rufe shi ta mayar wa mai shi.

"Ba za ki sa hannu ba, Injiniya?"

"Na riga na sa masa nawa," ta ce. "Yana ofishin Manaja."